Na haddace ayoyi, amma fushi bai rabu da ni ba

Habila_Kafinta
Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka. Na daɗe ina bin abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban taɓa sa baki ba, amma yau akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma na ga gara in faɗa a gaban 'yan'uwa, tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun ina makarantar Lahadi na haddace Zabura 119:11, inda mai zabura yake cewa ya ɓoye maganar Allah a zuciyarsa domin kada ya yi masa zunubi, har sau biyu na ci kyauta a gasar haddar ayoyi. Yanzu na haura shekara arba'in, ina da iyali, ina da shagon kafinta da yara uku masu koyon aiki a hannuna, kuma abin da yake ka da ni kullum shi ne fushi. Ranar Talatar da ta wuce na karanta Yakubu sura 1 a sujadar safe, har na ja layi a ƙarƙashin aya ta 19 da ta 20, inda aka ce mutum ya zama mai saurin ji, mai jinkirin magana, mai jinkirin fushi. Ƙarfe goma bai yi ba, ɗaya daga cikin yaran ya yanke katakon ƙyauren da aka ba mu aiki, ya rage shi da inci biyu, sai na zage shi, na haɗa da iyayensa, a gaban mai aikin. Da dare na buɗe littafin na ga layin da na ja da hannuna, kunya ta rufe ni. Idan gaskiya ne mai da hankali ga Maganar Allah yana sa mutum ya yi nasara da zunubi, me ya sa ayar tana cikin kaina amma ba ta iso bakina a lokacin da nake bukatarta ba?

MamanLaraba
Ɗan'uwa Habila, kunyar da ka ji da dare ita ma aikin Maganar ce. Akwai masu zagin yaransu su kwanta su yi barci har da minshari. Kada ka karaya, muna yi maka addu'a.

Malam_Ishaya
Na koyar a makarantar Littafi Mai Tsarki shekaru da dama, kuma wannan tambaya na sha jin ta daga bakin ɗalibai masu ƙwaƙwalwa. Hadda daban, bimbini daban. A Joshuwa 1:8 da Zabura 1:2 an yi maganar mutumin da yake bimbini a kan shari'ar Ubangiji dare da rana, kuma kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita tana da ma'anar maimaita abu da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kansa. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san saniya ba ta gama cin ciyawa a makiyaya, sai ta kwanta a inuwa ta dawo da ita tana tuƙa, a nan ne ciyawar take zama nono. Abin da ka yi ranar Talata shi ne ka haɗiye ciyawar, ka rufe littafin, ka tafi shago. Da ka tsaya minti biyar ka tambayi kanka, yau a ina ne wannan aya za ta gamu da ni, da wane yaro, a kan wane irin kuskure, da ka isa shagon ka riga ka san bakin ramin. Ban ce hakan zai hana ka faɗuwa gaba ɗaya ba, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kuma lura cewa ayar nan ta Joshuwa ba ta tsaya ga bimbini ba, ta ci gaba da cewa domin ka kiyaye, ka aikata dukan abin da aka rubuta a ciki.

Dattijo_Bitrus
Na yarda da Malam Ishaya, sai dai ina so in ƙara abu ɗaya daga Matiyu sura 4. Sau uku Iblis ya gwada Ubangijinmu a jeji, sau uku kuma Ubangiji ya amsa da abin da yake a rubuce, dukan amsoshin daga littafi ɗaya, wato Maimaitawar Shari'a 8:3, da 6:16, da 6:13. Wannan kowa ya sani. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, a gwaji na biyu Iblis da kansa ya jawo Zabura 91, ayar da take maganar mala'iku za su tallafe shi. Ashe ke nan sanin aya a ka bai raba mu da Iblis ba, shi ma ya iya hadda. Bambancin shi ne Yesu ya riga ya miƙa kansa ga nufin Uban kafin ya buɗe baki, ayar ta fito daga zuciyar da ta riga ta yi biyayya.

Gambo_Mubi
Ku gafarce ni, iyayena da yayyena, amma akwai abin da nake gani a cikinmu wanda ya kamata a faɗa. Da yawa daga cikinmu mun mai da Littafi Mai Tsarki laya. Wani yana sa shi ƙarƙashin matashin kai don kada ya yi mugun mafarki, wani yana barin sa a buɗe a Zabura 91 a kan tebur har takardar ta yi ja saboda ƙura, wani ya ajiye ƙaramin Sabon Alkawari a gaban mota. Kakanninmu sun ɗaura laya a damtse, mu kuma mun ɗaura aya a ka, muna jiran ta yi aiki da kanta. Ina jin tambayar ɗan'uwa Habila ma tana da ɗan wannan tunani a ciki, kamar ayar ce ta ci amanarsa.

Habila_Kafinta
Gambo, maganarka ta yi zafi, amma ban ce ƙarya ka yi ba. Na yi zaton idan na cika kaina da ayoyi za su tare fushin kamar yadda shinge yake tare akuya.

Saratu_MaiHatsi
Ni ban yi zurfi a karatu ba, hatsi nake sayarwa a kasuwa, amma bari in ba ku nawa labarin. Shekaru da yawa ina da mudu biyu. Na awo idan zan saya daga hannun manoma daidai yake, na sayarwa kuwa an ɗan buga gindinsa ya shiga ciki, ta yadda a kowane mudu ana rage kamar cikin tafin hannu ɗaya na masara. Ban taɓa kiran abin sata ba, dabarar kasuwa nake ce masa, kuma ina cikin Zumuntar Mata, ina waƙa, ina ba da zakka daga ribar. Wata Laraba a wurin binciken Littafi Mai Tsarki aka ce ni zan karanta Karin Magana sura 11, aya ta farko kuwa tana cewa ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Na karanta da ƙarfi a gaban mata, babu wadda ta san abin da ke cikin buhuna, amma muryata ta yi rawa. Na yi wata biyu ina kokawa da ayar nan. Duk lokacin da na sa hannu zan ɗauko mudun sai ta faɗo mini a rai, wani lokaci in ɗauko shi duk da haka, musamman idan kasuwa ta yi nauyi. Abin bai ƙare ba sai ranar da na ba maigidana mudun na ce ya sa guduma ya lanƙwasa shi. Da na bar shi a cikin buhu ina addu'a, na tabbata da yanzu ina auna masara da shi. Aya ta nuna mini mudun, amma ba ta ɗauki guduma ba.

MamanLaraba
'Yar'uwa Saratu, Allah ya yi miki albarka da kika faɗi wannan. Ciniki ya ragu bayan haka?

Saratu_MaiHatsi
Riba ta ragu, Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Ba ni da labarin cewa washegari masu saye sun yi mini layi.

Ayuba_Biliri
Ina jin tsoro kada mu mai da wannan magana dabara, kamar idan an bi matakai kaza za a sami sakamako kaza. A Yahaya 5:39-40 Ubangiji ya gaya wa shugabannin Yahudawa cewa suna ta nazarin Littattafai suna zaton a cikinsu za su sami rai madawwami, alhali Littattafan shi suke yi wa shaida, su kuwa sun ƙi zuwa wurinsa. Babu wanda ya kai Farisiyawa hadda. Afisawa 6:17 ta kira Maganar Allah takobin Ruhu, wato takobin yana da mai shi, kuma Galatiyawa 5:16 ta ce ku yi tafiya cikin Ruhu, ba za ku biye wa sha'awar jiki ba. Idan manzo Bulus da kansa ya ce a Romawa sura 7 nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun abin da ba ya so shi yake aikatawa, to ɗan'uwa Habila ba shi ne farau ba. Mu karanta domin mu ga Almasihu, shi ne mai kuɓutarwa.

Malam_Ishaya
Ayuba, ban musa maka ba a kan Ruhu Mai Tsarki, amma ka yi hankali da Romawa 7. Masana sun daɗe da rabuwa a kai, wasu na ganin Bulus yana kwatanta mai bi ne, wasu na ganin yana kwatanta mutum a ƙarƙashin shari'a kafin ya san alheri. Ko wanne ne, na ga mutane da yawa sun shimfiɗa tabarma a sura 7 sun kwanta, sun manta tana tsakanin sura 6, wadda ta ce kada zunubi ya yi mulki a jikinku, da sura 8, wadda take maganar kashe ayyukan jiki ta wurin Ruhu. Wannan ma yana cikin illar tsinke aya ɗaya daga cikin 'yan'uwanta. Bulus wasiƙa ya rubuta, ba jerin ayoyi ba. Rabon surori ya zo ne a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma sai a 1551 aka fara buga su. Suna taimakon mai nema, amma sun koya mana cin Maganar loma-loma ba tare da mun san daga wace tukunya ta fito ba.

Ayuba_Biliri
Na karɓi gyara a kan mahallin, Malam. Sai dai har yanzu ina ganin Bulus mai bi ne yake magana a wurin, domin ban san marar bi da zai ce yana murna da shari'ar Allah a cikin zuciyarsa ba. Mu bar wannan zuwa wani zaure.

Rifkatu_Maraɗi
Gaisuwa daga Nijar. Ina karanta ku ina tunanin mahaifiyata, wadda ba ta san ko harafi ɗaya ba har ta koma ga Ubangiji. Ayoyin da ta sani ba su fi goma ba, ta same su ne daga wa'azi da waƙoƙin majami'a, daga baya kuma ƙanena ya sa mata Sabon Alkawari na saurare a waya. Tana zaune da kishiya mai zafin baki fiye da shekara talatin, kuma abin da na tashi ina ji tana faɗa ƙasa-ƙasa a bakin murhu shi ne mayar da magana da taushi yakan kwantar da fushi. Sai da na girma na gano Karin Magana 15:1 ce. Tana tuƙa tuwo tana maimaita ta, wani lokaci da hawaye. Ina jin wannan ne bimbinin da Malam Ishaya yake nufi. Idan yawan karatu ne ma'auni, ita ba ta cikin lissafi, amma ni da na karance littafin sau biyu ban kama ƙafarta ba wajen riƙe harshe.

Ɗan_Wusasa
Akwai tambayar da nake so in yi wa Habila: da wane harshe kake karantawa? Mu da yawa muna karanta na Turanci saboda an saba a makaranta, amma idan rai ya ɓaci da Hausa muke zagi. A ganina ya kamata ayar ta zauna a cikin harshen da zunubin yake fitowa da shi. Kakana da tsohuwar fassarar 1932 ya saba, wadda Dokta Miller ya yi babban aiki a kanta, shi ya sa har ya rasu Yohanna yake cewa da Kubawar Shari'a, mu kuma da muka tashi da fassarar 1979 muna cewa Yahaya da Maimaitawar Shari'a. Shawarata ita ce mutum ya zaɓi fassara ɗaya ya riƙe ta wajen hadda, domin idan kana tsalle daga wannan zuwa waccan a waya, kalmomin ba sa samun wurin zama.

Habila_Kafinta
Da Turanci na karanta ranar Talatar. Zagin kuwa, kamar yadda ka ce, ba da Turanci na yi shi ba.

Gambo_Mubi
Maganar harshe tana da kyau, amma kada mu ɗora wa fassara laifin da yake namu. Farisiyawan da Ayuba ya ambata da harshen asali suke karantawa.

Yusufu_Matashi
Ni nawa ba fushi ba ne, cacar ƙwallo ce a waya, kuma na yi shekara biyu a ciki har na taɓa kuɗin makarantar ƙanwata. Na gwada abin da ake faɗa, wato idan jarabar ta zo in karanta aya, amma littafin da cacar duk a waya ɗaya suke, yatsa ɗaya ne yake buɗe su. Ina karanta 1 Korantiyawa 10:13 sai saƙo ya shigo cewa an kusa take wasa. Abin da ya taimake ni shi ne na lura ayar tana maganar hanyar tsira, kuma mai sunana a Farawa 39 bai tsaya yana jawo wa matar Fotifar ayoyi ba a ranar da ta kama rigarsa, barin rigar ya yi ya gudu. Na goge manhajojin, na koma karanta littafi na takarda, na kuma ba yayana damar duba shige da ficen kuɗina kowane ƙarshen mako. Abu na biyu shi ne Afisawa 4:28, inda ba a ce ɓarawo ya daina sata kawai ba, an ce ya yi aiki da hannunsa domin ya sami abin ba mabukaci. Ranar Asabar da yamma, lokacin da na fi faɗuwa, yanzu ina koya wa yaran unguwa lissafi. Gidan da aka share aka bar shi babu kowa, mun san abin da Matiyu 12 ta ce yana faruwa da shi, wato mugun ruhun da ya fita yakan dawo tare da waɗanda suka fi shi mugunta. Wata bakwai ke nan, kuma sau ɗaya na koma a tsakani.

Ladi_Nas
Ina aikin jinya, kuma ina roƙon a ƙara wannan saboda masu karantawa a ɓoye. Wanda jikinsa ya riga ya kamu da giya ko tramol ko kodin yana bukatar Maganar Allah, yana kuma bukatar likita, domin yanke wasu abubuwan farat ɗaya yana iya jawo jijjiga har da abin da ya fi haka. Na ga iyaye sun hana yaro zuwa asibiti suna cewa rashin bangaskiya ne. Luka da ya rubuta mana bishara likita ne.

Fasto_Dauda
Na bi zancen nan tun daga farko, kuma na amfana. Ina so in dawo da mu wurin yaron nan mai koyon aiki, domin duk mun yi maganar zuciyar Habila, babu wanda ya tambayi yadda yaron ya kwana. Ɗan'uwana, surar da ka karanta ranar Talata ba ta ƙare a aya ta 20 ba. Daga aya ta 22 Yakubu yana kwatanta mai jin Magana ba ya aikatawa da mutumin da ya dubi fuskarsa a madubi ya tafi ya manta kamanninsa. Madubi ba ya wanke fuska. 1 Yahaya 1:9 ta ba ka tabbacin gafara idan ka furta, wannan tsakaninka da Allah ne, amma Matiyu 5:23-24 ta ce idan kana miƙa baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon ka je ku shirya tukuna. A gaban mutane ka zage shi, a gabansu ya kamata ka nemi gafararsa, kafin Jibin Ubangiji mai zuwa.

Habila_Kafinta
Fasto, wannan ya fi duk abin da aka faɗa nauyi. Yaron shekararsa goma sha bakwai, mahaifinsa ne ya kawo shi ya damƙa mini. Idan maigida ya tsaya a gaban yaran shago yana ba ɗaya haƙuri, gobe wa zai ji maganata? Kuma katakon da gaske ya lalata shi, daga aljihuna na sayi wani.

Dattijo_Bitrus
A nan zan ɗan bambanta da Fasto, da dukan girmamawa. Neman gafarar dole ne, amma ba lalle sai an tara jama'a ba. Ya kira yaron gefe, ya gaya masa kuskuren katako nasa ne, zagin iyaye kuwa laifin maigida ne. Tarbiyyar shago ma amana ce.

Saratu_MaiHatsi
Baba Dattijo, ka yi haƙuri, amma sauran yaran biyu sun ji zagin, kuma sun san maigidansu yana zuwa majami'a. Idan an yi gyaran a ɓoye, su abin da suka koya yana nan.

Gambo_Mubi
Annabi Natan bai tara fada ba sa'ad da ya je wurin sarki Dawuda ya nuna masa zunubinsa, amma Zabura 51, addu'ar tuban Dawuda, har yau muna rera ta. Ban san wane ɓangare wannan ya goya wa baya ba.

Habila_Kafinta
Na dawo in gaya muku yadda aka yi. Jiya da safe na karanta Yakubu 1 gaba ɗaya da Hausa, da ƙarfi, har matata ta leƙo ta ga ko baƙo muka yi. Na isa shago da niyyar yin yadda Fasto ya ce, amma da na ga idanun yaran uku a kaina sai bakina ya yi nauyi, na aiki biyun sayen ƙusa, na yi wa yaron magana shi kaɗai. Bai ce komai ba sai "ba komai, Oga", yana kallon ƙasa yana murza awon da ke hannunsa. Da la'asar wani daga cikinsu ya bar gam a buɗe ya bushe, na ji abin ya taso mini har wuya, na ajiye zarto na fita bayan shago na tsaya. Ban zagi kowa ba, amma da na dawo na yi magana da tsawa fiye da yadda ya kamata. Maganar mahaifin yaron ita ce ban san yadda zan yi da ita ba, tun da shi ma na ambace shi a zagin, kuma unguwarmu ɗaya. Fasto, shi ma sai na je wurinsa?